Bayan Bugun Zuciya: Me Ya Sa Jinyar Mata Take Bambanta da ta Maza?

Idan aka ce bugun zuciya ya kama wani, hoton da yake zuwa wa yawancin mutane shi ne na namiji ɗan birni, mai tumbi, wanda ya haura shekara hamsin, ya dafe ƙirji ya faɗi. Da wuya wani ya tuna da gwaggo mai sana'ar ƙuli-ƙuli a Lahodu, ko matar manomin albasa a fadamar Wurno. Duk da haka, cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun fi kowace irin cuta kashe mata a duniya. A shekara ta 2021, wani kwamitin masana da mujallar likitoci mai suna Lancet ta kafa ya ce su ne sanadin kashi 35 cikin 100 na mutuwar mata a kowace shekara.

Gaskiya ne cewa maza sun fi mata kamuwa da bugun zuciya, kuma yakan kama su tun da sauran ƙarfinsu. Amma idan ya kama mace, an fi jinkirin kai ta asibiti, an fi yin kuskure wajen gano ciwonta, kuma an fi sallamarta ba tare da dukan magungunan da ake ba namiji ba. A wannan talifin, za mu ga inda bambancin yake shigowa, da dalilansa, da kuma abin da iyali a ƙauye irin Lahodu za su iya yi a kai.

Mene Ne Bugun Zuciya?

Zuciya tsoka ce da take aiki dare da rana, kuma ita ma tana bukatar jini don ta rayu. Akwai wasu ƙananan jijiyoyi da suke kwance a jikinta, su ne suke kai mata jinin. Duk wanda ya san noman rani a Wurno ko a ƙasan madatsar ruwa ta Goronyo zai gane yadda abin yake. Idan laka da ciyawa suka soma taruwa a magudana, ruwa yakan ragu, amma shuka tana ɗan samu. Ranar da magudanar ta toshe gaba ɗaya, albasar da ke ƙarshenta za ta soma ƙonewa, kuma in ba a buɗe hanyar da wuri ba, an yi asararta.

Haka kitse yake taruwa a bangon jijiyar zuciya shekara da shekaru. Wata rana tarin kitsen yakan tsage, jini ya daskare a wurin, hanya ta toshe. Sashen zuciyar da ya daina samun jini yakan soma mutuwa kafin sa'a ɗaya ta cika. Abin da likitoci suke nufi da bugun zuciya ke nan. Ya sha bamban da faɗuwar gaba ta tsoro, ko saurin bugawar zuciya bayan an yi gudu.

Jinyarsa kashi biyu ce. Na farko, a buɗe hanyar cikin gaggawa, ko dai da allurar da take narkar da daskararren jini, ko kuma a zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko ta cinya har zuwa zuciya, a saka wata 'yar raga ta ƙarfe da za ta riƙe hanyar a buɗe. Allurar ta fi amfani a sa'o'in farko, kuma bayan sa'a 12 amfaninta kaɗan ne. Na biyu, magungunan da za a riƙa sha kullum don kada ciwon ya dawo. Dukansu suna aiki a jikin mace kamar yadda suke aiki a jikin namiji.

Abin da Aka Gani a Asibitocin Najeriya

A dā, an ɗauka cewa wannan ciwon bai cika kama 'yan Afirka ba. Yanzu lamarin ya canja. Tsakanin 2013 da 2018, likitoci a sassa dabam-dabam na ƙasar nan sun rubuta bayanan mutum 1,072 da aka kwantar saboda toshewar jijiyoyin zuciya. Farfesa Simeon Isezuo na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ne ya ja-goranci aikin. Sun gano cewa biyu cikin uku na majinyatan maza ne, kuma ciwon yakan riga kama maza da kusan shekara goma. Yawancin majinyatan 'yan birni ne, kuma waɗanda motar asibiti ta kawo ba su wuce kashi 12 cikin 100 ba.

Ya kamata mu lura da wani abu a nan. Irin wannan lissafin yana ƙirga waɗanda suka isa babban asibiti ne kawai. Dattijuwar da ta kwana da ciwon ƙirji a ƙauye, aka ce olsa ce, ta rasu kafin gari ya waye, ba ta shiga lissafin kowa ba.

Akwai ƙasashen da suka daɗe suna rubuta bayanan kusan kowane mai bugun zuciya, kamar Ingila da Suwidin. Bayanansu da binciken da aka yi a Amurka ne suka fi nuna matakan da ake barin mata a baya. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na Farko: Gane Alamun

Mutane da yawa sun ji cewa mata ba sa jin ciwon ƙirji idan bugun zuciya ya kama su. Hakan ba daidai ba ne. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2018 a kan majinyata 'yan shekara 18 zuwa 55, kashi 87 cikin 100 na matan sun ji ciwo ko nauyi ko matsi a ƙirji. A cikin mazan kuwa, kusan kashi 90 ne. Bambancin shi ne, mata sun fi haɗawa da wasu alamun, kamar tashin zuciya, ciwon ciki ta sama, haki, da ciwo a muƙamuƙi ko wuya ko tsakanin kafaɗu. Idan mace ta jero waɗannan duka, mai sauraro yakan manta da ƙirjin ya kama batun ciki.

Binciken ya nuna wani abin kuma. Cikin waɗanda suka je neman magani kafin ciwon ya kwantar da su, kashi 53 cikin 100 na matan sun ce ma'aikacin lafiyar da ya duba su bai ɗauka matsalar zuciya ba ce. A cikin maza, kashi 37 ne suka faɗi haka. Matan da kansu ma sun fi danganta abin da suke ji ga damuwa ko yawan tunani.

Mataki na Biyu: Gwaji a Asibiti

A 2016, masu bincike a Jami'ar Leeds da ke Ingila sun duba bayanan majinyata fiye da rabin miliyan. Sun gano cewa haɗarin a fara gaya wa mace wata cuta dabam, alhali bugun zuciya ne, ya fi na namiji da kashi 50 cikin 100. Waɗanda aka yi wa irin wannan kuskuren kuwa, mata ko maza, sun fi mutuwa.

Wani ɓangare na matsalar yana cikin ma'aunin gwajin. Idan tsokar zuciya ta ji rauni, takan saki wani sinadari mai suna tiroponin cikin jini. Jinin mace mai lafiya yana ɗauke da shi ƙasa da na namiji, amma an daɗe ana auna kowa da ma'auni ɗaya. A 2015, likitoci a birnin Edinbura sun yi amfani da gwaji mai kaifi, suka sa wa mata nasu ma'aunin. Adadin matan da aka gano suna da bugun zuciya ya ninka, daga kashi 11 zuwa kashi 22 cikin 100 na waɗanda aka gwada.

Sabo ma yana da tasiri. Wani nazari a kan majinyata fiye da 500,000 a jihar Fulorida ta Amurka, daga 1991 zuwa 2010, ya nuna cewa matan da likita namiji ya duba sun ɗan fi mutuwa. Amma likitoci maza da suka saba jinyar mata, ko suke aiki tare da likitoci mata da yawa, sun fi samun nasara. Wato abu ne da ake iya koya.

Mataki na Uku: Magani Bayan An Gano Ciwon

Ko bayan an tabbatar da ciwon, bambancin bai ƙare ba. A Suwidin, an bi sawun majinyata wajen 180,000 daga 2003 zuwa 2013. Cikin waɗanda jijiyarsu ta toshe gaba ɗaya, damar a yi wa mace aikin buɗe hanyar jini ta gaza ta namiji da kashi 34 cikin 100. Damar a ba ta maganin rage kitsen jini ta gaza da kashi 24, ta asfirin kuma da kashi 16. A Ingila da Wales, an ƙiyasta cewa mata fiye da 8,200 da suka mutu cikin waɗannan shekaru goma da sun rayu, da a ce sun samu irin kulawar da maza suka samu.

Me Ya Jawo Hakan?

Dalili na farko yana cikin tarihin binciken magunguna. Shekaru da yawa, a jikin maza aka fi gwada magungunan zuciya. Alal misali, babban binciken da aka yi a Amurka a shekarun 1980 don a ga ko asfirin yana hana bugun zuciya ya ƙunshi likitoci 22,071, kuma dukansu maza ne. Sai a 2005 aka samu sakamakon irinsa a kan mata kusan 40,000. A 1991, Dakta Bernadine Healy, likitar zuciya kuma mace ta farko da ta shugabanci cibiyoyin binciken lafiya na Amurka, ta yi gargaɗi cewa ba a ɗaukan ciwon zuciyar mace da muhimmanci sai ta nuna shi kamar yadda namiji yake nunawa. A 1993, ƙasar ta yi dokar da ta wajabta saka mata cikin binciken da gwamnati take biya.

Dalili na biyu yana cikin jiki. Da yake ciwon yakan zo wa mata a makare, sau da yawa bayan al'ada ta ɗauke, yakan same su da hawan jini ko ciwon suga ko raunin ƙoda. Jijiyoyinsu sun fi ƙanƙanta, kuma sun fi zubar da jini idan aka ba su magungunan tsinka jini, musamman in ba a daidaita maganin da nauyin jikinsu ba. Wannan yakan sa wasu likitoci su ja baya. Abin da ya dace shi ne a auna nauyinta, a duba ƙodarta, a ba ta daidai gwargwado.

Ƙari ga haka, akwai nau'o'in bugun zuciya da suka fi kama mata. A wani, hoto ba ya nuna babbar toshewa, amma zuciya ta ji rauni. A wani kuma, bangon jijiya ne yake yagewa da kansa. Wajen tara cikin goma na masu wannan na biyun mata ne, kuma yakan zo wa wasu lokacin juna biyu ko jim kaɗan bayan haihuwa.

Ga labari mai daɗi. Masu binciken Suwidin sun ga cewa idan mata suka samu dukan jinyar da ta kamata, ratar mutuwa tsakaninsu da maza takan ragu sosai. Wani babban asibiti a birnin Cleveland na Amurka ya kafa tsari ɗaya da ake bi wa kowane majinyaci, mace ko namiji, kuma ratar ta ragu da kusan rabi.

Yadda Abin Yake a Gabashin Sakkwato

A wajenmu, yawancin lokacin da ake asara yana tafiya ne tun kafin a ga likita. Mai ciwon ƙirji daga Lahodu, ko daga ƙauyukan Rabah da Goronyo, yakan fara da kemis ko ƙaramin asibitin gari. Daga nan sai babban asibitin ƙaramar hukuma, kafin a tura shi Sakkwato inda likitocin zuciya suke. Aikin saka ragar ƙarfe kuwa, asibitoci kaɗan ne suke yin sa a Najeriya, galibi a manyan birane irin Legas da Abuja. Matsalar tsaro a yankin ta sa mutane da yawa suna tsoron tafiyar dare. Wannan doguwar hanyar tana gaban kowa, amma mace tana da wasu ƙofofi da za ta wuce kafin ma ta hau ta.

Ƙofa ta farko ita ce izini da kuɗi. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 44 cikin 100 ne kawai na matan aure a Najeriya suke da ta cewa a kan jinyar kansu. Idan maigida yana kasuwar wani gari, ko ya tafi cin rani, mace takan zauna jiran sa, ciwon kuwa ba ya jira.

Ta biyu ita ce dauriya. Ana yabon macen da ba ta raki. Uwar gida za ta gama tuwon dare, ta sallami yara, kafin ta ce ƙirjinta yana mata nauyi tun azahar.

Ta uku ita ce kunya. Gwajin ECG, wanda yake nuna yadda zuciya take aiki cikin 'yan mintoci, yana bukatar a manna wayoyi a ƙirji. Wasu mata sukan ƙi idan namiji ne zai yi. Ana iya roƙon ma'aikaciya mace ta yi shi, ko a shiga da 'yar'uwa.

Ta huɗu ita ce saurin cewa olsa ce. Ciwon ciki ta sama da tashin zuciya sukan sa a sayo maganin gyambon ciki a kemis, a yi kwana biyu ana sha.

Haihuwa da Zuciya

Macen da ta taɓa yin hawan jini mai tsanani ko jijjiga lokacin juna biyu tana da haɗarin ciwon zuciya wajen ninki biyu idan ta manyanta. Haka ma wadda ta yi ciwon suga lokacin ciki tana bukatar sa ido. Ya kamata ta gaya wa duk likitan da zai duba ta, ko da shekara ashirin sun wuce.

Akwai kuma wani ciwon da bai kamata a haɗa shi da bugun zuciya ba, wato raunin zuciya na masu jego. Alamunsa su ne kumburin ƙafa, haki, da kasa kwanciya a miƙe. Arewa maso yammacin Najeriya tana cikin wuraren da ya fi yawa a duniya, kuma wani bincike a asibitin koyarwa na Sakkwato ya same shi a wajen haihuwa ɗaya cikin ɗari. Mai jegon da take haki tana bukatar asibiti, ba ƙarin kunun kanwa ba.

Bayan An Dawo Gida

Sallama daga asibiti ita ce farkon doguwar jinya, kuma a nan ne iyali suka fi likita iko. Galibi akan ba majinyaci asfirin da wani maganin tsinka jini na biyu wanda akan sha wajen shekara ɗaya, da maganin rage kitsen jini, da magungunan da suke sauƙaƙa wa zuciya aiki su kuma sauke hawan jini. Yawancinsu na har abada ne. Idan kuɗi ya yi ƙaranci a gida, maganin uwar gida ne yakan fara tsayawa, sau da yawa da yardarta, domin tana ganin bukatun yara sun fi nata.

Aiki ma haka. Namijin da ya dawo daga asibiti akan ce ya huta, 'ya'ya su je gona. Mace kuwa, bayan 'yan kwanaki an gan ta a bakin turmi ko rijiya. Jiki yana bukatar motsi, amma a hankali: tafiya a ƙasa kullum, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan bisa shawarar likita. Daka da ɗaukar tulu su jira tukuna. Hayaƙin itace a rufaffen madafi ma yana cutar da zuciya. Ban da haka, baƙin ciki mai tsanani ya fi kama mata bayan bugun zuciya, kuma wanda ransa ya ɓaci yakan yi sakaci da magani.

Abin da Za Ka Iya Yi, Maigida

• Ka ba da izini tun yau. Ka gaya wa iyalinka a gaban 'yan'uwa cewa duk ranar da ciwon ƙirji ko haki ya taso, a tafi asibiti ko kana nan ko ba ka nan.

• Ka ajiye kuɗin mota a hannun wanda yake gida, kuma ku san direban da za ku kira.

• Idan nauyin ƙirji ya wuce minti 15, musamman da zufa ko haki ko amai, ku kama hanya. A ba ta asfirin mai miligiram 300 ta tauna, sai dai in jikinta ba ya karɓansa, ko tana da olsa mai zubar da jini.

• A asibiti, ku faɗi batun ƙirji da farko, sa'an nan ku tambaya da ladabi: "Likita, ko zuciya ce? Za a iya yi mata ECG?"

• Ranar sallama, ku tambayi sunan kowane magani, da amfaninsa, da ranar dawowa. Ku bincika ko rajista da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Sakkwato, wato SOCHEMA, za ta rage muku nauyi.

Abin da Za Ki Iya Yi, Uwar Gida

• Ki faɗi abin da kike ji da wuri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

• Kada ki daina magani don kin ji sauƙi. Idan wani yana sa ki tari ko jiri, ko kika ga baƙin bayan gida ko jinin al'ada ya yi yawa, ki koma a duba ki, a canja miki.

• Ki guji magungunan ciwon jiki irin dikilofenak da ibufurofen, domin suna ƙara haɗari ga mai ciwon zuciya.

• Idan kina cikin shekarun haihuwa, ki gaya wa likita. Wasu magungunan hawan jini da na kitsen jini ba su dace da mai juna biyu ba, kuma zuciya tana bukatar hutu kafin wani cikin.

• Ki rage gishiri da dunƙulen miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato wajen ƙaramin cokali ɗaya.

• Idan za ki yi azumi, ki tambayi likita yadda za a tsara lokutan shan magani.

Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Maƙwabciya ko suruka ko 'yar ƙungiyar mata ita ce takan fara lura cewa wance tana tsayawa ta huta kafin ta kai bakin rijiya. Idan kin ga haka, ki yi magana, ki raka ta a auna jininta. Maganin da yake ceton namiji bayan bugun zuciya shi ne yake ceton mace, muddin an kai ta a kan lokaci, an ba ta shi cikakke, kuma ba a bar shi ya yanke ba.